Ko Ka Sani? Akwai Na'urar da Ke Ganin Hazonmu Tun Yana Ƙasar Chadi

Ko ka san cewa hazon da kan rufe kasuwar Maigatari ranar Alhamis, har dillali ba ya hango ƙarshen kara, direbobin tirela su kunna fitila da hantsi, tun ranar Laraba ko Talata aka ga tasowarsa? An ga inda ya tashi, an ga ƙarfe nawa ya tashi, an kuma bi shi a hanya har ya iso. Abin da ya gan shi tauraron ɗan'adam ne mai suna Meteosat, mallakar ƙungiyar ƙasashen Turai ta EUMETSAT da ke Darmstadt a Jamus. Na farkon jerin waɗannan taurari a 1977 aka harba shi, kuma tun daga nan ake ta maye gurbin tsoho da sabo.

Yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, daidai kan layin da ya raba duniya biyu, a saman teku kudu da Ghana. Ba da ka aka zaɓi wannan nisan ba. Duk abin da ke kewaya duniya a wannan tsayin, kewayensa ɗaya kan yi daidai da juyawar duniya ɗaya, don haka ga wanda ke ƙasa kamar a tsaye yake cak. Shi ya sa farantin talabijin da aka kafa a kan rufin gida a Gumel ba ya bukatar a riƙa juya shi: tauraron da yake kallo a irin wannan layin yake. Daga can, Afirka gaba ɗayanta ce a gaban Meteosat dare da rana. Turawa don kansu suka yi shi, amma ƙasashensu a gefen hoton suke faɗowa, a karkace. Mu ne a tsakiya.

Rukuni na biyu na waɗannan taurari, wanda aka soma harbawa a 2002, shi ne ya daɗe yana yi mana aiki. Siffar ganga gare shi, faɗinsa ya ɗan haura mita 3, nauyinsa wajen tan 2, kuma yana wulwulawa sau 100 a minti ɗaya. A kowace wulwulawa madubinsa kan yanki siririn layi na fuskar duniya, ya ɗan gusa ya yanki na gaba, daga kudu zuwa arewa, har hoto ya cika. Duk minti 15 sabon hoto. Rukuni na uku, wanda aka harba na farkonsa a watan Disamba 2022 daga Kourou a Kudancin Amurka, ya rage lokacin zuwa minti 10, an kuma ƙara masa kyamarar da ke ƙirga walƙiya.

To daga ina hazon?

Mafi yawansa daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, kusa da garin Faya Largeau, kilomita dubu da 'yan kai arewa maso gabas da Gumel. Shekaru kimanin 7,000 da suka wuce wurin ƙarƙashin ruwa yake, shi ne mafi zurfi a tsohon Tafkin Chadi, lokacin da faɗin tafkin ya haura murabba'in kilomita 300,000. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mara nauyi, wadda galibinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, suka mutu suka taru shekara da shekaru. Har ƙasusuwan kifi ana tsinta a wurin. Wato farin abin da ke kwanciya a gira da gemu da kan tabarma a watan Janairu, wani ɓangarensa ragowar halittun tafki ne.

Ƙasa kaɗai ba ta tashi sai da iska, kuma nan ma wurin ya dace da abin da ba a so. Duwatsun Tibesti na arewa, na Ennedi na gabas, iskar arewa maso gabas kuma dole ta bi ta tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin lungu da sanyin asuba ya san yadda iska ke ƙara kaifi idan katanga biyu suka matse ta. Wasu masana daga Ingila, cikinsu har da Richard Washington da Martin Todd, sun kafa sansani a wurin a 2005, suka auna yadda abin ke gudana. Da dare iskar mai ƙarfi a sama take gudu, 'yan ɗaruruwan mita daga ƙasa, ƙasan kuwa shiru. Rana na fitowa ta soma dumama ƙasa, sai iskar sama da ta ƙasa su gauraya, ƙarfin ya sauko. Da hantsi ƙura ta turnuƙe. Haka kan faru wajen kwana 100 a shekara, mafi yawa a hunturu. Daga nan ta nufo yamma maso kudu, ta bi ta Ngigmi da Maine Sorowa da Nguru, cikin kwana ɗaya, wani lokaci biyu, ta iso ƙasar Gumel da Kano. Ba a nan duka take tsayawa ba. Wani bincike na hukumar NASA da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke barin gaɓar Afirka ta Yamma duk shekara, wajen tan miliyan 27 daga ciki kuma a dajin Amazon yake sauka, ya zame masa taki. Manomanmu da ke cewa hazo na gyara gona ba su yi kuskure ba.

Abin da ya fi burge ni a na'urar shi ne yadda take bambance ƙura da hamada. Idan ka ɗauki hoto na yau da kullum daga sama, ƙura mai launin ƙasa a kan yashi mai launin ƙasa ba ta fitowa sosai, da dare kuwa babu abin da za a gani sam. Sai aka bi ta hanyar zafi. Komai a duniya yana fitar da zafi, ƙasa da ruwa da gajimare, kuma zafin nan iri-iri ne kamar yadda haske yake launi-launi, sai dai idon mutum ba ya ganinsa. Tauraron yana auna uku daga cikin irin nan dabam-dabam. Ƙura kan tare wani irin fiye da wani, ta hanyar da ta saɓa wa yadda tururin ruwa da gajimare ke tarewa. Kwamfuta sai ta debe wannan awon daga wancan, ta ba kowane sakamako launi. A allon mai hasashe, hamada da rana kan fito shuɗi-shuɗi, gajimare mai tsayi ja mai duhu, ƙura kuwa ruwan hoda ƙal. Idan aka jera hotunan wuni guda aka sake su a guje, za ka ga ɗan ɗigon ruwan hoda ya ɓullo a Bodele da safe, ya miƙe, ya yi faɗi, ya doshi Najeriya. Ba ya bukatar hasken rana, don haka da tsakar dare ma ana bin sawunsa.

Sanarwar hazo da Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar, wadda a cikinta sau da yawa za ka ji an ambaci Faya Largeau da Bilma, da irin wannan hoton ake haɗa ta. Amma ba da shi kaɗai ba. Ɗigo ɗaya a hoton rukuni na biyu ya kai wajen kilomita 3 a ƙasa, kenan garin Gagarawa duka bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Tauraron kuma daga sama yake kallo, ba zai faɗa maka kai tsaye ko ƙurar ta sauko daidai hancin mutane ko tana can sama tana wucewa ba. Wannan aikin tashoshin ƙasa ne, irin na filin jirgin saman Kano da na Nguru, da na maƙwabtanmu a Magarya da Damagaram. A nan har yau idon mutum na da daraja. Ma'aikaci kan fito ya dubi alamomin da aka san nisansu, bene ko hasumiyar sadarwa ko tsauni, ya rubuta na ƙarshe da ya iya hangowa. Idan hangen ya gaza mita 1,000, hazo ya yi kauri, jirage su soma jinkiri ko a karkatar da su.

Shi kuwa ɗarin, ba ƙurar ce ke kawo shi ba, tafiyarsu ce ɗaya. A watannin Disamba da Janairu iska mai sanyi da nauyi kan taru a kan Libiya da arewacin Sahara. Duk lokacin da ta ƙara nauyi, sau da yawa bayan wani sanyi ya ratso ta Bahar Rum, sai ta turo kudu da ƙarfi. Ita ce ke tayar da Bodele, ita ce kuma ke iso mana a bushe ƙarau. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, don haka ɗumin da ƙasa ta tara da rana kan tsere sama da dare, asuba ta yi ana makyarkyata a sahu. A yankin Kano matsakaicin sanyin asubar Janairu wajen digiri 13 ne, wasu ranakun ya sauka ƙasa da 10. Mutumin Rasha zai yi dariya, amma shi bai kwana a ɗakin kwano ba, bai kuma yi alwala da ruwan randa ba, ga faso a dunduniya, ga leɓe ya tsage. Dusar ƙanƙara dai ba ta zuwa mana, amma Sahara ta san ta: ta sauka a garin Ain Sefra na Aljeriya a Fabrairu 1979, ta sake a Disamba 2016 da Janairu 2018, aka yi ta yawo da hotunan jan yashi da farin rawani.

Sai maganar hasashe mai nisa, inda ake yawan ruɗa mutane. Meteosat ba ya ganin gobe. Abin da ke faruwa yanzu yake gani. Goben lissafi ne: a ɗauki awonsa da na sauran taurari da tashoshi da balan-balan ɗin awo, a zuba wa manyan kwamfutoci irin na cibiyar hasashe ta Turai, su lissafa inda iska za ta dosa. Na kwana ɗaya zuwa uku abin dogaro ne ƙwarai. Na mako guda da dama-dama. Bayan wajen mako biyu kuwa lissafin ranaku ya watse, saboda ɗan kuskuren awo na yau ninkuwa yake yi kullum, kamar yadda masanin nan na Amurka Edward Lorenz ya nuna a 1963. Saboda haka idan manhajar waya ta ce maka nan da kwana arba'in, ranar Asabar, za a yi hazo a Sule Tankarkar, kada ka ɗage biki a kan maganarta.

Hasashen shekara da NiMet kan gabatar a farkon kowace shekara wani abu ne dabam, haka ma wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da aka kafa a 1974, ke fitarwa tare da hukumomin ƙasashen yankin. Waɗannan ba rana suke faɗa ba, karkata suke faɗa. Suna duba zafin ruwan manyan tekuna, musamman Fasifik da Atlantika, wanda ba ya sauyawa da sauri, su ce bana akwai alamar damina za ta makara, ko zafin bazara zai wuce yadda aka saba. Manomin gero zai iya zaɓen iri da wannan, mai noman alkama a fadamun Haɗeja zai so sanin ko ɗarin zai daɗe. Amma ya sani rinjaye aka gaya masa, ba alkawari ba. Tsofaffinmu da ke duban dawowar shamuwa su ma ba rana suke yankewa ba.

A ganina, amfanin na'urar nan da ya fi kusa da mu shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi: gargaɗin kwana ɗaya. Kwana ɗaya ya ishi mai shanyar zoɓo ko riɗi ya kwashe ya rufe kafin kayansa su yi ƙasa-ƙasa farashi ya faɗi. Ya ishi direban da zai ɗauko shanu ya sauya lokacin tashi. Ya ishi mai asma ya nemi maganin shaƙarsa, uwa ta san gobe ba ranar barin jariri a tsakar gida ba ce. Ga kuma babbar magana, sanƙarau. Busasshiyar iska mai ƙura na raunata hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini, shi ya sa annobar ke bin rani ta lafa da saukar ruwa. A ɓarkewar 2022 zuwa 2023, Jigawa ce ta ɗauki kaso mafi yawa na waɗanda ake zargin sun kamu a Najeriya, Maigatari da Sule Tankarkar kuma na cikin inda abin ya fi tsanani. A watan Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwar allurar rigakafin Men5CV, kuma wanda ya san yaushe bushewa da ƙura za su tsananta ya fi sanin yaushe zai tura ma'aikata da magani.

Hotunan dai suna sauka a ofisoshin hasashe na Afirka ta faranti, sanarwa kuma ana fitar da ita. Sai dai yawanci a intanet take tsayawa, da Turanci, cike da sunayen garuruwan da mai sauraro bai sani ba. Wanda ya fi bukatarta da rediyo yake kwana. Abin da ya rage minti ɗaya ne bayan labaran dare, da Hausa: ƙura ta tashi a Chadi yau da hantsi, ana sa ran isowarta ƙasar Gumel gobe da safe, za ta yi kwana biyu, masu shanya su kwashe.