Da Me Za A Gina Murhu?

Maganarmu ta yau a kan murhun tsakar gida ce.

Kwanan baya an kawo mana wani yaro ɗan shekara uku ɗakin shan magani, tafasasshiyar miya ta ƙone shi daga cinya har ƙafa. Da na bincika, sai na iske ubansa ya gina murhu da bulo da siminti. Ba a yi wata uku ba gefe guda ya zube, tukunya ta tuntsure.

To, ku sani simintin gini ba ya jimre wuta. Da ruwa ya ke kamawa, wuta kuwa ta kan kore ruwan nan. In zafi ya kai digiri 300 sai ya soma rauni, alhali wutar itace ta kan wuce digiri 600. Bayan ya ƙone, in ruwan sama ya taɓa shi sai ya kumbura, ya rugurguje.

Akwai wani siminti dabam, na wuta, wanda ke ɗaukar zafin da ya wuce digiri 1,000. Mai hali ya saya, amma ya duba buhun ya ga an rubuta yawan zafin da ya ke ɗauka. Ya haɗa shi da ƙonannen tubali, ba bulon siminti ba.

Wanda ba shi da hali kada ya damu. Yumɓun da a ke ginin tukwane da shi, ko ƙasar suri, sun wadatar. A cuɗa da yashi da ƙaiƙayi, a tattake sosai, a gina. A bar shi ya bushe a inuwa kamar mako biyu, sa'an nan a soma da 'yar ƙaramar wuta. Simintin gini ya tsaya a gindi kaɗai, inda wuta ba ta kaiwa. A yi masa rumfa saboda damina.

Kada a sa dutsen rafi, ya kan fashe. Kada kuma a sa gutsuren rufin asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu.

Uwargida, in kin ga tsaga, ki liƙe ta da yumɓu ran nan. In yaro ya ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi minti 20, ban da ƙwai, ban da manja, a kawo shi asibiti.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.