Ku Duba Baƙin Mai Kafin Ku Zubar

Daga Argungu har Birnin Kebbi, yawancin ƙungiyoyinmu masu noman shinkafa a fadamar Rima tarakta ɗaya gare su, ko akori-kura ɗaya mai shan gas. In inji ya buga ana tsakiyar aiki, bashi ya hau kan kowa.

'Yan'uwa, baƙi kawai ba laifi ba ne. Injin gas yakan baƙanta sabon mai nan da nan saboda hayaƙi. Mun sha ganin ana juye mai mai kyau don wannan, asarar kuɗi ke nan.

Ga yadda muke yi. Tun inji yana da ɗumi, mu ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, mu bar shi ya kwana. In ya bazu da faffaɗan zobe fari-fari, yana warin gas, kuma mai yana ƙaruwa a sandar awo, to gas ne ke zuba ciki. A duba nozul. In ya yi kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A kashe inji, a kira makaniki.

Wanda ya aika mai ɗakin gwaji zai ga sunaye da lambobi. Silikon, galibi ƙura ce. In ya hau tare da ƙarfe, ƙurar hunturu tana wuce filtar iska tana cin inji. Dalma da tagulla kuwa, matashin ƙaranshaf ne ke cinyewa. Takarda ɗaya ba ta isa ba, sai an gwada ta da ta baya. Saboda haka magatakarda ya riƙa rubuta awoyin aiki duk ranar juye.