Kalmar Añil ta Sifaniyanci da Takwarorinta a Hausa

Sunayen launuka da dama sun samo asali ne daga abin da ake rini da shi. Kalmar añil ta Sifaniyanci, wadda ake furtawa "anyil", kyakkyawan misali ce. Tana nufin abu uku: tsiron baba, da rinin da ake fitarwa daga ganyensa, da kuma launin shuɗi mai duhu. Asalinta Larabci ne, an-nil, ta shiga harshen a zamanin Musulmin Andalus, tsakanin 711 da 1492. Sifaniyawa sun ɗauke ta har da harafin ta'arifi, kamar yadda Bahaushe ya yi wa alƙali da albasa. Su ma Larabawa aro suka yi daga Farisanci, wanda ya samo ta daga nila ta Sansikirit, tsohon harshen Indiya.

Abin lura shi ne, duk da yawan kalmomin Larabci a Hausa, wannan ba ta samu gurbi ba. A ganina dalilin a fili yake: Hausa na da kalmominta na rini, kuma sun fi na Sifaniyanci rarrabewa. Mutumin Wurno ko Rabah ko Goronyo zai kira tsiron baba, rinin da aka tace shuni, launin kuwa shuɗi. Ko malaman Wurno na zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin a 1837, da suke karanta nil a littattafai, ba su gusar da baba daga bakin marina ba. Shi launin ma hawa-hawa ne. Idan tufa ta daɗe ana tsoma ta a karofi, aka buge ta da shuni har ta yi ƙyalli, ba a ce mata shuɗiya, sai dai baƙa, rigar kuma a kira ta kore, kalmar da yau ɗalibai suka fi sani da launin ganye.

Daga anil ne masana haɗa sinadarai na Jamus suka ƙirƙiro sunan anilin a ƙarni na 19. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta, kuma irin wannan garin rini na Turai ne daga baya ya rage wa baban gona kasuwa a marinun ƙasar Hausa.