Masu Saita Ma'aunin Gudun Iska

Ramin gwajin iska wani ƙaton bututu ne mai fanka, wadda ke kaɗa iska a kan gudun da ake so. Da irinsa na katako 'yan'uwan nan biyu, Wright, suka gwada siffofin fukafukai a Dayton ta Amurka a 1901. Amma a cibiyoyin awo, kamar PTB da ke Braunschweig a Jamus, akwai ma'aikatan da ba ruwansu da jirgi. Ma'aunin gudun iskar kansa suke tuhuma, kamar yadda ake gwada mudun ɗan kasuwa da mudun hukuma.

Tsohon kayan aikinsu shi ne bututun da Henri Pitot ya ƙirƙiro a 1732 don auna gudun kogin Seine, aka inganta shi daga baya. Bai fi alƙalami kauri ba, bakinsa na fuskantar iska, ga 'yan ƙananan huji a gefensa. Bambancin matsi tsakanin baki da gefe ake lissafawa a fitar da gudu. To, lissafin ba ya yiwuwa sai an san nauyin iskar, shi kuwa yana sauyawa da zafi da laima da matsin sararin sama. Don haka kafin ma'aikaci ya kunna fanka sai ya rubuta duk ukun, ya ga ma'aunin matsi ya zauna a sifili, ya miƙar da bakin bututun sak. Fankar ma da kanta tana ɗumama iska in aiki ya yi nisa, dole a sake dubawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar abin da suke nema. Iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa matsinta wajen faskal 60 ne. A mita 1 kuwa ko faskal ɗaya bai kai ba. Nan bututun Pitot kan gaza, sai a fesa ɗan hazo cikin ramin, a bi gudun ƙwayoyinsa da hasken leza. Ga kuma na'urar da ake gwadawa, ita ma tana tare hanya, iska ta matse ta ƙara sauri, sai an cire wannan daga sakamakon.

Masu kafa injinan lantarki na iska suna dogaro sosai da waɗannan ma'aikata. Akan saita ma'auninsu mai kofuna tsakanin mita 4 zuwa 16 a daƙiƙa, domin kuskuren kashi 1 cikin 100 a gudu yakan zama kusan kashi 3 a ƙarfin da iskar ke ɗauke da shi, kuma da wannan ƙiyasi ake zuwa banki neman rance.