Sa'ad Da Dorina Ke Wanka A Cikin Sahara

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Shanga, ko Yawuri, ko Ngaski, ya san dorina. In bai gan ta da idonsa ba, ya ji manoman bakin Kwara suna kukan ta shiga musu shinkafa da dare. Ya kuma san kada da giwan ruwa. Amma da za a ce masa an taɓa yin zamanin da waɗannan ke zaune a tsakiyar Sahara, inda yau ba kome sai rairayi da iska, sai ya ce tatsuniya ce. To, ba tatsuniya ba ce. Masana sun tono shaidar haka daga cikin ƙasa.

A shekarar 2000 wani masani mutumin Amurka, sunansa Paul Sereno, ya shiga hamadar Tenere ta ƙasar Nijar da jama'arsa, suna neman ƙasusuwan dabbobin farkon zamani. Da suka isa wani wuri da ake kira Gobero, sai suka tarar iska ta kwashe rairayi, ga ƙasusuwan mutane a fili. Daga baya aka ƙidaya kaburbura wajen 200. Kusa da su kuwa aka sami ƙayar giwan ruwa, da haƙoran dorina, da ƙasusuwan kada da kififiya, da ƙugiyoyin kamun kifi waɗanda aka sassaƙa da ƙashi. Ashe wurin nan a da bakin tafki ne.

Yaya aka san daɗewar waɗannan abubuwa? Akwai wani sinadari da ake ce da shi kabon 14, wanda kowane mai rai ke ɗauka, itace daga iska, dabba da mutum daga abinci. Ran da mai rai ya mutu sai ya daina ɗauka, wanda ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa sannu sannu, rabinsa yakan tafi cikin shekara 5,730. Misalinsa kamar tulun da aka san yadda yake yoyo ne. In an duba ruwan da ya saura, sai a gane tun yaushe aka cika shi.

Da wannan awo aka gane jama'a biyu ne suka zauna Gobero. Na farko dogaye ne, ƙarfafa, masunta da maharba. Sun sauka nan wajen shekara 9,700 da suka wuce, suka yi shekara 1,500, sa'an nan tafkin ya ƙafe suka tashi. Wurin ya zama kufai har shekara 1,000. Da ruwa ya komo sai waɗansu mutane dabam suka zo, ba su kai na farko tsawo ba. A cikin kaburburansu aka sami wata yarinya da munduwar haƙorin dorina a damtsenta, aka kuma sami wata mace da yara biyu a kwance, sun miƙa wa juna hannu. Su ma tafkin ya ƙafe musu wajen shekara 4,500 da suka wuce, bai sake komowa ba.

Dalilin wannan sauyi kuwa shi ne, duniya tana juyi tana ɗan layi kamar katantanwar da yara ke murzawa, sai dai layinta ɗaya yakan ci fiye da shekara 20,000. A wancan zamani layin ya sa rana ta fi dukan arewacin Afirka da bazara. Ƙasa in ta yi zafi takan jawo iska mai ɗauke da ruwa daga teku, saboda haka damina ta riƙa kaiwa can cikin Sahara. Ciyawa ta tsiro, Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar da ke Jihar Yobe yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon ƙafa 27, wanda ya kai shekara 8,000. Da layin duniya ya juya, sai damina ta ja da baya zuwa kudu.

Mutane suka bi ruwa, suka taru a bakin manyan koguna da tafkuna. Bakin Kwara ma tsohon mazauni ne. Kafin a gama madatsar Kainji a shekarar 1968, masana sun gaggauta tono a wuraren da ruwa zai ci, suka sami tukwane, da ƙarafa, da mutum-mutumin yumɓu kusa da Yelwa, waɗanda suka fi shekara 1,000.

Dabbobi kuwa waɗansu sun bi ruwa sun tsira, kamar dorina da kada. Waɗansu sun ƙare ƙaf. A jikin duwatsun Sahara mutanen da sun zana wata irin ɓauna mai ƙahoni kusan ƙafa 10 daga wannan tsini zuwa wancan. Ta ɓace wajen shekara 4,000 da suka wuce, ba wanda zai sake ganinta. Abin da masana ke tambaya shi ne, me ya ƙare ta, ga shi kuwa ta sha fari a zamunan baya ta tsira? Waɗansu sun ce fari ne. Waɗansu sun ce a wannan karo ta tarar makiyaya da shanunsu sun cika mashayar da ta rage, maharba kuma suna jiranta a can. Watau fari yakan tara dabba wuri ɗaya, mutum ya tare mata mafaka.

An ga irin wannan a zamanin nan. Mariri ya sha farin 1973 da na 1984, ga kuma maharba masu bindiga da mota. A shekarar 2000 aka tabbatar babu sauransa a daji, sai a gidajen ajiye dabbobi, daga can aka ɗebo aka soma mai da shi ƙasar Chadi a 2016. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma, wanda a da ke yawo tun daga Senegal har Tafkin Chadi, ya ragu har saura 49 a shekarar 1996, a wajen Kure kusa da Yamai. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai suka tsare shi, cikin shekara 20 ya haura 500.

Yau ma yanayi yana sauyawa, amma wannan karo hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur ne ke ɗumama duniya, saurinsa kuma ya fi na da ƙwarai. Kogin Kwara da Tafkin Kainji suna cikin mafakar da ta rage wa dorina da ayu. Gaskiya ne dorina na ɓarna, manomin da ta cinye wa shinkafa kuwa yana da hakki. Maganin abin shi ne a yi gadin gona, a kai kuka wurin ma'aikatan daji, a kuma bar mata ciyawar bakin ruwa. Doka ta hana kashe ayu. Masunci mai hankali ba ya jefa taru mai ƙananan ido, don kada ya kwashe 'ya'yan kifin baɗi. Mutanen Gobero ba su san abin da ke tafe musu ba. Yaran Shanga da ke makaranta yau sun sani, su ne kuma masunta da manoman gobe.