Yadda ake ɗora janareta a tsohuwar bas da aka mayar ɗakin kwana a Jidda

A Jidda zafin bazara kan kai digiri 40, ga kuma laimar Bahar Maliya. Duk wanda ya mayar da tsohuwar bas ɗakin kwana don fita hutu bakin teku a Obhur, dole ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa sai da janareta.

Da farko a duba ƙarfinsa. Na'urar sanyi tana jan wuta sosai lokacin tashi, don haka a sayi wanda ya zarce lissafin kayan cikin motar. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya sau 50, saboda haka janaretan kasuwar Kano ba zai dace da kayan Jidda ba.

Mazaunin janaretan shi ne ma'ajiyar kaya ta ƙasan bas. A ɗaure shi kan robobi masu shanye girgiza, a bar masa hanyar iska. Salansa kuma ta fita nesa da tagogi, domin gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci. Lallai a sa na'urar gargaɗin wannan guba kusa da gado.