Mu Koyi Gyaran Kafireta

Yau karatunmu a kan kafireta ne, wadda makanikan garaji suke ce wa karbiratar.

Garin Arlit ya girma da aikin yuraniyom tun da kamfanin Somaïr ya fara fid da shi a shekarar 1971. Ma'adinin Cominak na Akokan kuwa an rufe shi a 2021. In kai ma ka bar aikin kamfani ka koma garka, ka san injin ban ruwa shi ne jarinka. In ya tsaya kwana uku a lokacin zafi, albasa da tumatur sun tafi.

Mene ne aikin kafireta? Ita ce take gauraya iska da esansi kafin inji ya ƙone su. In an auna nauyi, inji yana son iska wajen kashi 15, mai kashi 1. Wannan aiki ɗaya ne a injin ban ruwa, da babur, da injin da masu kwale-kwale suke ɗaurawa a bayan jirgi a kogi wajen Gaya da Ayoru. Su masu jirgi ruwa ne yake ɓata musu mai, mu nan ƙura ce abokiyar gabarmu.

Ɗan'uwa, in injinka yana tari ko yana mutuwa, kada ka yi gaggawar juya kusoshin kafireta. Fara da tsabta.

Da farko kashe inji, ka bari ya huce, ka rufe makunnin mai. Ka yi nesa da wuta da taba.

Na biyu, cire matacin iska. In na soso ne, wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa ɗan man inji, ka matse.

Na uku, kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireta. Nan ne yashi da ruwa suke kwanta. Zubar da su, ka wanke kofin da esansi mai tsabta.

Na huɗu, a saman kofin akwai ɗan ƙarfe ja mai huda kamar kafar allura. Ta nan mai yake wucewa. Hura shi da famfon keke, ka ɗaga shi ka ga haske ta ciki. Kada ka zura waya ko allura. In hudar ta faɗaɗa, inji zai riƙa shan mai da yawa.

Ka shimfiɗa tsumma mai tsabta, ka jera kowane abu yadda ka cire shi, don abin da ya faɗa cikin rairayi ya ɓata ke nan.

Sai an gama wannan ake zuwa ga kusar daidaita mai. Juya ta ciki sannu a hankali har ta tsaya, ban da matsawa da ƙarfi. Sa'an nan ka dawo da ita baya kamar juyi ɗaya da rabi ko biyu. Tayar da inji ya yi zafi. Ka riƙa juya ta kaɗan kaɗan, kana sauraro, har kukansa ya daidaita.

Buji zai gaya maka gaskiya. Bayan aiki, cire shi ka duba bakinsa. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji zai yi zafi ya lalace. In ya yi ruwan ƙasa, gyara ya yi.

Ka tuna kuma, dutsen Bagzam ya kai tsawon mita 2,000, iskar can ba ta da kauri kamar ta Arlit. Injin da aka daidaita a nan, in an hau da shi can, mai zai yi masa yawa, sai an sake daidaita shi.

In ka sayi man kwalba a bakin hanya, tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ka zuba. In za ka ajiye inji ya daɗe, rufe makunnin mai yana aiki har ya mutu da kansa, don kada tsohon mai ya daskare ya toshe hudar.

Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ku gwada tare. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.